An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Jama'ar ƙasar Zuru, ina neman ku ba ni aron hankalinku kaɗan, in faɗi wata magana wadda ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni ba ɗan siyasa ba ne, malamin ofis ne kurum, aikina rubutu da ajiyar takardu. Amma wanda ke zaune bakin tebur yakan ga abin da mai hawa dandamali ba ya gani. Ba a mako guda ban ga saurayi ya shigo da takardar neman aiki a hannu ba, ya gama sakandare, wani ma har jami'a, ya rusuna ya ce, "Malam, ko da masinja ne." Wannan ya fito daga masallaci, wancan daga coci, amma takardarsu iri ɗaya ce, amsar da nake ba su kuwa ita ma ɗaya ce, watau babu gurbi.

To, da zaɓe ya ƙarato, sai ka ji an bar maganar yaran nan an kama wata. 'Yan jam'iyya su bi dare gida gida, a raɗa wa wannan cewa in wane ya hau za a danne addininsa, a je a raɗa wa maƙwabcinsa irin wannan magana a juye. Wanda bai taɓa tsayawa sahun gaba ba sai ga shi da carbi mai dubu, wanda aka daina gani ran Lahadi sai ga shi ya sayi sabon benci ya kai coci. A zaɓen 1999 haka ne, a na 2023 da aka yi ta ce-ce-ku-ce kan tikitin Musulmi da Musulmi haka ne, na 2027 kuwa tun yanzu an fara ɗaura wa gangar fata.

Abin mamaki, a ƙasar Zuru ake wannan ciniki! Ƙasar da za ka shiga gida ɗaya ka tarar da wa Musulmi, ƙane Kirista, kakansu kuma yana nan kan al'adar iyayensa, su ci tuwo ƙwarya ɗaya, in lokacin Uhola ya yi su fita tare. Daga Dabai har Danko, daga Fakai har Sakaba da Wasagu, da wuya ka sami zuriyar da aure bai ɗinke ta da ɗaya ɓangaren ba. Wanda ya zo raba irin waɗannan mutane, lalle wuƙa ya sa a tsakiyar ciki ɗaya.

Na san abin da wani zai ce. Zai ce malamin nan ya mai da addini ƙaramin abu, ya fifita ciki bisa lahira. Subhanallahi! Da allo na fara kafin in san boko, ban kuwa yar da shi ba. Amma a makarantar allon ne aka koya mana cewa neman halal wajibi ne, hannun da ke bayarwa kuma ya fi hannun da ke karɓa. Taken tsohuwar Jihar Arewa ma, zamanin Sardauna, Aiki da Ibada ne, a dubi wanda aka fara ambata. Gaskiya ne Sardauna ya yi yawon musuluntarwa a ƙarshen zamaninsa, har waɗansu suka yi ƙorafi, amma kafin nan an buɗe masaƙar Kaduna tun 1957, ma'aikata kuwa na ko wane addini suna shiga ta ƙofa ɗaya.

A dubi abin da ya biyo baya. A watan Oktoba 1999 Gwamna Ahmad Sani ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau, Kebbi ta bi sahu a 2000 zamanin Gwamna Adamu Aliero, har jihohi 12 suka yi. Ba ni da ja da mai neman a yi masa hukunci da dokar addininsa, kada a ɗauka mini haka. Abin da nake tambaya shi ne, himmar nan da aka zuba, da taruka, da wa'azi, da kuɗi, me ya hana a zuba ko da rabinta wajen sana'a? A Fabrairu 2000 mutanen Kaduna suka karkashe juna kan wannan gardama, bayan shekara biyu masaƙar nan ta Sardauna ta rufe, ba wanda ya fito zanga-zanga irin waccan dominta. Musulmin da ke ciki da Kiristan rana ɗaya suka koma gida.

Har wa yau ba mu yi hankali ba. A 2025 da aka rufe makarantu saboda azumi a Kebbi da Bauchi da Katsina da Kano, ƙungiyar Kiristoci ta ƙasa ta yi tir, ƙungiyoyin Musulmi suka mai da martani, aka yi makonni ana tafkawa a rediyo da jarida. Kaito! Da irin wannan murya aka ɗaga domin manomanmu, da an ji mu har Abuja. A watan Yuni 2021 'yan bindiga suka kashe mutum 88 a ƙauyukan Danko-Wasagu. A Maris 2022 aka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a ƙasar Sakaba, fiye da 60 suka rasu. Ran 17 ga Nuwamba 2025 aka shiga makarantar 'yan mata ta Maga aka kwashe 25, aka kashe mataimakin shugaban makarantar. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba a tambaye shi alƙiblarsa ba. Noma shi ne babban ma'aikatarmu, wanda ya fi gwamnati ɗaukar mutane nesa ba kusa ba, kuma gonar da mai ita ke tsoron zuwa, ita da rufaffiyar masaƙa duka ɗaya ne.

Kada kuma wani ya ce ragwanci ne ya kashe yaranmu. Mutanen da saurayinsu kan yi shekara bakwai yana golmo a gonar surukai kafin a ba shi mata, wa zai kira su raggaye? Tun zamanin Turawa Dakarkari suka yi suna wajen aikin soja, har ƙasar nan ta fid da janar-janar, irin su Ishaya Bamaiyi wanda ya shugabanci sojan ƙasa, da marigayi Sarkin Zuru Muhammadu Sani Sami. Abin alfahari ne, amma in an duba ciki da kyau akwai abin kunya ga masu mulki, domin ƙasar da ba ta da abin da take fitarwa sai 'ya'yanta, an gaza mata.

Ai mun ga abin da gwamnati ke iyawa in ta sa kanta. An yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato a 1991. A Nuwamba 2015 Shugaba Buhari ya zo Birnin Kebbi ya buɗe shirin ba manoman shinkafa rance, a 2016 aka ƙulla cinikin shinkafa da Jihar Legas, a 2017 aka buɗe babban injin casa na WACOT a Argungu. Madalla, ba ma hassada. Amma ina makamancinsa a nan kudu? Dawa da masara da waken suya da ƙwaran kaɗanya, duk a buhu suke barin kasuwannin Ribah da Bena da Dirin Daji, a sarrafa su a wani gari, a dawo a sayar mana da tsada. An ba mu Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a 2020, mun gode, sai dai yaron da ya fito cikinta yau, in ba a yi masa wurin aiki ba, teburina zai zo shi ma.

Saboda haka ni dai na yanke wa kaina shawara. Duk ɗan takarar da ya sallama ƙofata, ko na wace jam'iyya ne, zan shimfiɗa masa tabarma in ba shi ruwa. In ya fara mini maganar masallaci ko coci, sai in ce ya dakata, muna da limamai da fastoci, ba wannan kujera yake nema ba. Ya gaya mini injin me zai kafa, a Mahuta ne ko a Ribah, mutum nawa zai ɗauka, da kuɗin wa, a wace shekara, kuma wa zai tsare manomin da zai kawo masa kaya. Zan rubuta amsarsa da kwanan wata in sa a fayil, gama ajiyar takarda ita ce sana'ata.