Kafin Ku Sayar Mana Da Cal-Mag, Ku Tambayi Me Ya Raba Mu Da Fadama

Rubutun wannan mako kan wani talla ne da ya cika mana wayoyi. Saurayi ne zai fito a bidiyo cikin rumfar leda, tumatir na reto daga bututun roba, ya ɗaga kwalba ya ce ga sirrin: Cal-Mag, haɗin kalsiyam da magnesiyam. Daga nan sai ya ce wa mutanen Sabon Birni da Isa su daina kukan gona, wai an wuce zamanin ƙasa, yanzu a tsakar gida ake noma cikin ruwa. A ƙarshe ya ajiye lambar asusu, kuɗin horo daban, kuɗin kwalba daban.

Wannan talla yaudara ce ta fuska biyu. Akwai yaudara a kan ilimin shuka, akwai kuma wadda ta fi ta ciwo, yaudara a kan abin da ke damun Gobir.

Mu fara da shukar. Babu mai musun cewa tana buƙatar sinadaran nan biyu. Da kalsiyam take gina bangon ƙwayoyin jikinta, shi ke sa ɗan tumatir ya yi ƙwari. Magnesiyam kuma shi ke zaune a tsakiyar sinadarin da ke sa ganye kore, wanda da shi shuka ke dafa abincinta da hasken rana. Idan magnesiyam ya yi ƙaranci, tsofaffin ganyen ƙasa ke fara yin ɗorawa tsakanin jijiyoyi, jijiyoyin suna nan kore. Idan kalsiyam ne, sabon toho da 'ya'ya ke shan wahala. Duk wannan gaskiya ne, kuma da wannan gaskiyar mai talla ke lulluɓe sauran zancensa.

Abin da ba zai faɗa maka ba shi ne wa aka yi wa wannan kwalba. An yi ta ne domin manomin da ke shuka a cikin ɓawon kwakwa da aka niƙa, wanda ake fitarwa daga Indiya da Siri Lanka. Wannan ɓawo yana da halin riƙe kalsiyam da magnesiyam ya hana saiwa, ya saki gishiri da fotash a madadinsu. An yi ta kuma domin mai ban ruwa da ruwan da inji ya tace har ya kwashe duk ma'adinan cikinsa. Wanda ya cire abu da hannunsa, dole ya saye shi ya mayar. To mai lambu a Gatawa ko Turba, da ke ɗibar ruwa daga rijiya ko gulbi yana shuka a laka, me ya cire da zai mayar? Duba cikin butar shayinka. Idan ka ga farin ɓawo ya manne a gindinta, wannan kalsiyam ne da magnesiyam, ruwanka ya zo da su kyauta.

Babban makamin masu tallan shi ne hoton tumatir da gindinsa ya yi baƙi ya lotsa. Kowane mai noman rani ya san wannan ciwo, yana kama tattasai da kankana ma. Sai a ce maka rashin kalsiyam ne, sayi kwalba. Rabin gaskiya ke nan. Kalsiyam ba ya tafiya a jikin shuka sai ruwa ya ɗauke shi daga saiwa, kuma inda ya sauka nan yake zama, ba ya barin tsohon ganye ya koma wa ɗa. A zafin watan Maris da Afrilu ganye ke janye mafi yawan ruwan, ɗan tumatir ya samu ragowa. Idan aka bar lambu ya bushe kwana uku, sannan aka malale shi da ruwa a na huɗu, gindin ɗan zai mutu ko da ƙasar cike take da kalsiyam. Haka nan idan aka zabga yuriya ganye ya yi ta haukan girma, ko fotash ya yi yawa ya danne kalsiyam a bakin saiwa. Maganin a mafi yawan lokaci shi ne ban ruwa a kan kari, da rufe gindin shuka da ciyawa ko ɓuntun shinkafa don laima ta zauna, da rage hannu a yuriya. Ɗan da ya riga ya yi baƙi kuwa ba feshin da zai dawo da shi.

Yanzu ku tambayi kanku: me ke hana manomin gabashin Sakkwato ban ruwa a kan kari? Wani lokaci tsadar man inji ce. Sau da yawa kuma ba ya iya zuwa lambun ne, domin an ga babura a bakin daji. Ashe ko baƙin gindin tumatir ɗin nan, idan ka bi saiwarsa, a matsalar tsaro za ka tsaya.

Wannan ce fuska ta biyu. Ƙasar Gobir ba ta gaji ba. Bunsuru da Gagare da Gulbin Maraɗi har gobe suna zuba a Rima, suna shimfiɗa laka a fadamun da suka ciyar da Alƙalawa tun zamanin Bawa Jan Gwarzo. Madatsar ruwa ta Goronyo tana nan tun 1984. Albasa da tattasai da dankali da shinkafar wannan kwari ba su taɓa jiran kwalbar kowa ba. Bindiga ce ta raba mutane da gonakinsu. Ƙauyuka na biyan haraji ga 'yan bindiga kafin su yi shuka, su sake biya kafin girbi. A watan Disambar 2021 aka ƙona matafiya cikin mota a kusa da Gidan Bawa. A watan Agustan 2024 aka kashe Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hannun waɗanda suka sace shi. Dubban 'yan uwanmu suna gudun hijira a jihar Maraɗi. Mutumin da ke cikin wannan hali ka zo ka ce masa matsalarsa ƙarancin magnesiyam ce? An bar jaki ana dukan taiki.

Za a ce mini: to ai shi ya sa, tunda fadama ba ta shiguwa, a koya wa mutane noma a gida. Wannan hujja tana da nauyi, kuma ban raina ta ba. Amma a yi lissafi. Noman cikin ruwa irin na bidiyo yana son famfo da ke juya ruwa ba tsayawa, wato wuta ko sola da batir. Yana son na'urar auna tsamin ruwa, domin idan ma'aunin pH ya fita daga tsakanin 5.5 da 6.5, shuka ba ta shan wasu sinadaran ko suna nan. Yana son taki mai narkewa tas, wanda ba irin kamfar da ke kasuwar ƙauye ba ne. Ruwan da ke cikin bututu a rana tsaka a nan yakan yi zafi har iskar cikinsa ta ragu, saiwa ta ruɓe. Famfo ya tsaya wuni ɗaya, an yi asarar komai. Kuma ko an yi nasara, latas da tumatir za a samu. Gero da dawa da wake, abin da ke riƙe gida shekara, ba a noma su a bututu.

Wannan zumuɗi ma ba sabo ba ne. A Amurka, William Gericke na Jami'ar Kalifoniya ya yayata noman cikin ruwa a shekarun 1930, jaridu suka ɗauka har mutane suka zaci an gama da gona. Abokan aikinsa biyu, Dennis Hoagland da Daniel Arnon, suka gwada, suka fitar da rahoto a 1938 cewa amfanin da ake samu a ruwa bai fi na ƙasa mai kyau ba idan an ba su kulawa iri ɗaya. Su ne fa masanan da har yau ake amfani da haɗin takin ruwan da suka tsara. Inda wannan noma ya yi riba, kamar Holan, akwai wutar da ba ta ɗaukewa, da bashin banki, da kasuwar da ke sayen tumatir da tsada.

Wanda ya rasa gonarsa yana son ya shuka wani abu a tsakar gida, akwai hanyar da ta dace da aljihunsa. Buhun da aka cika da ƙasa da ruɓaɓɓen takin dabbobi da ɗan ɓuntu zai ba shi alayyahu da kuɓewa da yakuwa da tumatir na miya. Takin dabbobi yana ɗauke da sinadaran nan biyu. Tokar murhu tana da kalsiyam da fotash, a barbaɗa kaɗan, don yawanta na ƙona shuka. Takin sufa da iyayenmu suka sani yana ɗauke da kalsiyam. Idan ganye ya nuna alamar rashin magnesiyam da gaske, gishirin Epsom shi ne magnesiyam ɗin, ba sai an sa masa hoton tumatir a jikin kwalba ba. Mu da dutsen kalsiyam ke shimfiɗe a Kalambaina ana yin siminti da shi, abin kunya ne a sayar mana da shi a cokali da farashin turare.

Ga matasan da suka dage sai sun gwada noman cikin ruwa, ba laifi, ilimi ne. Amma ku fara da bokiti biyu, kar ku sayar da akuyar mahaifiyarku. Ku nemi malaman gona, ko na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko na kwalejin aikin gona ta Wurno, su auna muku ruwan kafin ku sayi komai. Kuma kar ku haɗa ruwan kalsiyam mai kauri da gishirin Epsom a mazubi ɗaya: za su dunƙule su kwanta kamar alli, kuɗinku ya tafi a banza. Mai tallan da bai gaya muku wannan ba, bai san abin da yake sayarwa ba.

Tsorona shi ne ranar da wani mai neman kujera zai gane cewa raba bututu da kwalabe a gaban kyamara ya fi sauƙi a kan tsare hanyar Isa zuwa Sabon Birni. Ranar za a kira shi tallafin noman zamani, a yi tafi, fadama ta ci gaba da zama a hannun masu bindiga. Duk wanda ya zo mana da irin wannan kyauta, mu tambaye shi a bainar jama'a: yaushe za mu koma gonakinmu?

Masu lambu da ke cikin wannan zaure, musamman iyayenmu da suka daɗe a noman rani, ku faɗa mana yadda kuke magance baƙin gindin tumatir a wajenku. Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya mayar da 'yan gudun hijira gidajensu, ya ba mu damina mai albarka. Amin.