A Gwada Tukuna Kafin a Zuba Kankare a Titunan Kawo

Tun da aka buɗe sabuwar gadar sama ta Kawo a watan Janairun 2022, cunkoson da ya daɗe yana addabar masu shigowa daga Zariya ya ragu, kuma ba mu raina wannan alheri ba. Sai dai idan hanya ta yi faɗi ta yi sumul, ƙafar direba kan yi nauyi a kan totur. Mu da muke tsayawa bakin titin Ali Akilu da sassafe, riƙe da hannun 'yan aji ɗaya, mun san irin gudun da mota ke gangarowa da shi daga kan gadar.

Dokar hanya ta ƙasa ta ƙayyade kilomita 50 a awa ɗaya cikin gari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan gudu ya tashi daga 50 zuwa 65, haɗarin mutuwar mai tafiya a ƙasa da mota ta buge yakan ninka sau huɗu da rabi. Saboda haka ne taron Stockholm na 2020 ya nemi a tsaya a kan 30 duk inda motoci ke cuɗanya da mutane. Bakin makaranta kuwa, ai nan ne cuɗanyar take.

Abin da muka saba gani shi ne, sai an yi rashi matasan unguwa su fusata, su kwaɓa siminti cikin dare su yi tudu a tsakiyar titi, babu fenti babu alama. Ba mu ga laifin zafin zuciyarsu ba. Amma irin wannan tudu kan kayar da mai babur da dare, ya jinkirta motar asibiti, direba kuma da ya haye shi sai ya rama lokacinsa da sabon gudu, watakila daidai ƙofar makaranta ta gaba.

Roƙonmu ga KASTLEA da Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa shi ne gwaji na zango ɗaya. A fara auna gudun motoci na mako biyu, ba tare da an taɓa komai ba. Sannan a kafa tudun roba mai ciruwa a wani wuri, a wani a ɗaga matsallaka a yi mata fenti, a wani kuma a tsuke hanya lokacin shiga da tashi kawai. Ƙarshen zango a sake aunawa, a bayyana sakamakon a gaban iyaye da shugabannin direbobin tashar Kawo, domin su ma abincinsu a kan titin yake. Wanda ya yi aiki a mayar da shi na dindindin, wanda bai yi ba a kwashe.

Akwai kason da ya rataya a wuyanmu. Kowane malamin aji ya tambayi ɗalibansa su nawa ke tsallaka babban titi kullum, kuma a daidai ina. Wakilan makarantu su zo da alƙaluman taron reshe mai zuwa, domin da su za mu rubuta takardarmu.