Mario a Kurkukun Roba

Ranar 11 ga Yuli, 2021, gidan gwanjon Heritage Auctions da ke birnin Dallas na Amurka ya sayar da kaset ɗaya tak na wasan Super Mario 64 a kan dala miliyan 1 da dubu 560. Kwana biyu kafin nan, a wannan gidan dai, wani ya zube dala dubu 870 ya ɗauki The Legend of Zelda na 1987. Wata bai cika ba sai kamfanin Rally ya ba da sanarwar cewa ya sayar da Super Mario Bros. a kan dala miliyan 2.

Abu ɗaya ya haɗa kaset ukun nan: ba wanda ya taɓa buga su, kuma ba wanda zai buga. Suna nan cikin ledar da suka fito da ita daga masana'anta, an sake rufe su cikin akwatin roba mai tauri, an manna musu takardar maki kamar ɗaliban da suka ci jarrabawa. Duk ranar da mai kayan ya yi gigin yage ledar, kuɗinsa sun bi ruwa. Kaset ɗin Zelda na ɗauke da ɗan ƙaramin batiri da ke riƙe wa mai wasa inda ya tsaya. Ranar gwanjon, batirin ya shekara 34 a ciki, kuma babu mai iya cewa yana da rai ko ya mutu, domin dubawa sai an buɗe.

Duk da haka, maganar da ta cika kunnuwa a duniyar masu kewar wasannin da ita ce waɗannan masu tara kaya su ne ke riƙe da tarihi. In ji su, ba don masu sayen tsoffin kaset da masu jera mujallun Nintendo Power da Electronic Gaming Monthly a cikin leda ba, da tuni zamanin zinariya ya shafe. Da tsohuwar zuma ake magani, haka suke cewa. To amma zumar da aka toshe bakin tulunta da dalma, aka kai ta ɗakin ajiyar banki, wane majiyyaci za ta warkar?

Kasuwar nan ba ta adana tarihin wasannin bidiyo. Ƙuruciyar mutane take sayar musu a karo na biyu, da tsada, yayin da ainihin tarihin yake ruɓewa a gefe ba mai kallonsa.

A fara da abin da ake kira ƙarancin kaya. Super Mario 64 ya sayu kusan kwafi miliyan 12 tun fitowarsa a 1996. Super Mario Bros. ya haura miliyan 40. Idan akwai wasanni biyu a duniya da ba sa fuskantar haɗarin ɓacewa, su ne waɗannan. Abin da aka biya miliyoyi a kansa shi ne kwali da leda da lambar da wani kamfani ya rubuta. Kamfanin kuwa, Wata Games, a 2018 ya fara aiki. A Fabrairun 2019 wani kwafin Super Mario Bros. da ya ba wa maki ya sayu a kan dala 100,150, jaridu suka ɗauka, aka yi ta yayatawa. Cikin waɗanda suka haɗa kuɗi suka saya har da Jim Halperin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Heritage Auctions. A Yulin 2020 farashi mafi tsada ya kai dala dubu 114, a Afrilun 2021 ya zama dubu 660, bayan wata huɗu ya taɓa miliyan 2. Ruwa ba ya tsami banza. A Agustan 2021 wani ɗan Ostireliya mai tashar YouTube, Karl Jobst, ya fitar da dogon bidiyo yana zargin cewa da hannu aka hura farashin. Wata Games da Heritage Auctions suka musanta. A Mayun 2022 wasu masu tara kaya suka maka Wata a kotu. Ko ma wace ce gaskiyar zargin, farashi ya faɗi warwas bayan 2021, kuma ba wasa ko ɗaya da ya tsira ko ya ɓace saboda tashinsa ko faɗuwarsa.

Ainihin asarar tana wani wuri. A Yulin 2023 gidauniyar Video Game History Foundation, wadda Frank Cifaldi ya kafa a 2017 a jihar Kalifoniya, ta haɗa hannu da Software Preservation Network suka fitar da bincike. Sun gano cewa kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba sa kasuwa kwata-kwata. Kashi 13 kacal mutum zai iya saya ta halastacciyar hanya ya buga. Masu binciken sun kwatanta lamarin da fina-finan Amurka na zamanin da ba a saka murya, waɗanda kashi 14 ne suka rage a sigarsu ta asali. Fina-finan nan sun kusa ko sun haura shekara 100. Wasannin kuwa, da yawansu sa'annin 'yan jami'ar yau ne.

Kuma asarar ba ta tsaya ba. A Maris 2023 Nintendo ya rufe shagonsa na intanet na na'urorin Wii U da 3DS, ya tafi da ɗaruruwan wasannin da ba a taɓa buga su a kaset ko faifai ba. Waɗannan ba su da kwali, ba su da leda, ba abin da za a ba wa maki. Saboda haka gidan gwanjo bai san da zamansu ba.

Su wa suka ajiye su? Mutanen da ake kira ɓarayin fasaha: masu kwafe abin da ke cikin kaset su zuba a kwamfuta, da masu rubuta manhajojin da ke kwaikwayon tsoffin na'urori, mafi yawansu ba sisi suke samu ba. Ladansu kuwa wasiƙar lauya. A 2018 Nintendo ya kai ƙarar masu shafukan LoveROMs da LoveRETRO, aka ƙare a kan diyyar dala miliyan 12, shafin EmuParadise ya ga abin da ya sami maƙwabci ya kwashe kayansa da kansa. Ba wanda ya ce duk mai raba kwafi waliyyi ne. Akwai masu neman kuɗin talla da gumin wasu. Sai dai ɗakunan karatu ma, da suka bi ta ƙofar gaba, ba su sha ba. Sun roƙi a ba su izinin bai wa masu bincike damar buga tsoffin wasannin da ke ajiyarsu daga nesa, kamar yadda ake yi da littattafai da fina-finai. Ƙungiyar kamfanonin wasanni ta Amurka, ESA, ta tsaya kai da fata, kuma a Oktoban 2024 ofishin kare haƙƙin mallaka na Amurka ya ƙi amincewa. Cikin dalilan da aka kawo har da fargabar cewa mutane za su riƙa buga wasannin don nishaɗi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kamfanonin sun san darajar kewa sarai, shi ya sa suke aunata da cokali. A Nuwamban 2016 Nintendo ya fitar da ƙaramar na'urar NES Classic mai wasanni 30 a kan dala 60, ta yi ƙaranci a shaguna, 'yan kasuwar bayan fage suka ninka kuɗinta, a Afrilun 2017 aka dakatar da ita kafin a sake dawo da ita daga baya. A 2020 aka haɗa tsoffin wasannin Mario uku, har da Super Mario 64, aka ce bayan 31 ga Maris, 2021 za a daina sayarwa. Abin da ake saukewa ta intanet ba ya ƙarewa a shago. Da gangan aka ƙirƙiri ƙarancin. Tuna baya shi ne roƙo, kuma maroƙin nan ya san aljihun da yake wa kirari: ɗan shekara 40 da ya fara karɓar albashi mai kauri.

Batun mujallu ya fi ban takaici, domin a nan ne masu kewa suka fi yaudarar kansu. Nintendo Power, da ta fara fita a 1988 ta tsaya a Disamban 2012 bayan fitowa 285, Nintendo ne da kansa yake buga ta har zuwa 2007. Mai kaya ne yake yabon kayansa, yara suna biyan kuɗin talla da kuɗin tara. Electronic Gaming Monthly kuwa, a fitowar Afrilun 1992, ta ƙirƙiri labarin wani ɓoyayyen jarumi mai suna Sheng Long a wasan Street Fighter II, ta zayyana hanyar da za a bi a gamu da shi. Zolaya ce ta ranar 1 ga Afrilu, amma wasu mujallu a wasu ƙasashe suka kwafa a matsayin gaskiya, yara suka ƙarar da sulallansu suna neman abin da babu.

Wannan bai rage wa mujallun daraja ba. Ya nuna inda darajar take: a cikin shafuka. A can ne ake ganin farashin kowane kaset, da wasiƙun masu karatu, da hotunan wasannin da aka yi alkawari ba su fito ba, da irin tallan da ya riƙa nuna cewa wasan bidiyo na yara maza ne kawai. Mai bincike yana buƙatar ya buɗe, ya karanta, ya nemi suna ɗaya a cikin fitowa 500. Mujallar da aka rufe a leda don kada yatsa ya taɓa bangonta ta daina zama shaida.

Ranar 2 ga Agusta, 2024, kamfanin GameStop ya rufe mujallar Game Informer bayan shekara 33, ya sallami ma'aikata, ya sauke shafinta na intanet da duk rubuce-rubucen da ke ciki. Dubban mutane na da fitowarta jere a ɗakunansu, amma hakan bai dawo wa kowa da layi ɗaya na abin da aka goge ba, sai da wani kamfani ya saye ta ya farfaɗo da ita a Maris 2025. Kafin nan, a 2016, an ɗora fitowar Nintendo Power sama da 100 a rumbun Internet Archive, kowa ya karanta kyauta. Ba a daɗe ba aka sauke su.

Shi kansa zamanin zinariyar, ƙwaƙwalwa ce ta tace shi. Ana tuna Mario da Zelda da Sonic, an manta da tarin shara da ya durƙusar da kasuwar Amurka a 1983, har Atari ya loda kaset ɗin da suka yi kwantai a manyan motoci ya binne a jujin garin Alamogordo na jihar New Mexico. Da aka tone wurin a Afrilun 2014, kaset ɗin wasan E.T. da aka ƙi saya sababbi sai ga su ana rububinsu a gwanjo, da ƙasarsu da murɗewarsu. Wahalar da ake yabawa a tsoffin wasanni ma, wani ɓangarenta lissafin kasuwa ne: na'urar gidan wasa tana son ka mutu da wuri ka sake jefa sulai.

Sannan tarihin wa ake magana? Yaron da ya taso a Kano ko Zariya ko Maraɗi a shekarun 1990, da wuya ya taɓa ganin kwalin Nintendo na asali. Abin da ya sani shi ne na'urar kwaikwayo da aka ƙera a Asiya, da kaset mai launin ɗorawa da ke alkawarin wasanni 9,999 alhali guda kaɗan ne ke maimaita kansu, da hura bakin kaset in ya ƙi kamawa, daga baya kuma gidan gem na unguwa inda ake biya a buga ƙwallo a PlayStation, wanda aka ci ya miƙa hannu ga na baya. Ba shi kaɗai ba ne. Yaran Rasha a kan na'urar Dendy suka san Mario tun daga 1992, na Brazil a kan Phantom System. Miliyoyin mutane ta wannan ƙofar suka shiga, amma a ma'aunin gidajen maki kayansu jabu ne, ba su da farashi, don haka ba su da gurbi a tarihin da gwanjo ke rubutawa.

A yi adalci: ba kowane mai tara kaya ba ne ɗan caca. Akwai masu ba da aron mujallunsu a ɗauki hotonsu shafi-shafi, akwai iyalan da ke miƙa takardun mamatansu. A 2020 gidauniyar Cifaldi ta sake haɗa wasan Days of Thunder na NES wanda bai taɓa fitowa ba, daga tsoffin faya-fayan kwamfuta da marubucinsa, marigayi Chris Oberth, ya bari a gida. Ba leda, ba maki, kayan da wani zai iya zubarwa ranar shara. Gidan tarihin Strong da ke Rochester a jihar New York yana irin wannan aikin shekara da shekaru. Bambancin waɗannan da masu akwatin roba a fili yake: su buɗewa suke yi.

Ranar 30 ga Janairu, 2025, gidauniyar Cifaldi ta buɗe ɗakin karatunta na intanet, da tsoffin mujallun wasanni sama da 1,500 da aka daina bugawa, waɗanda mutum zai rubuta kalma ya nemo ta a cikin shafukansu, kyauta, daga Tokyo ko daga Sabon Gari. A ranar farko jama'a suka yi wa shafin yawa har ya riƙa sarƙewa. Shi kuwa kaset ɗin dala miliyan 1 da dubu 560, ba a bayyana sunan wanda ya saye shi ba a ranar gwanjon, kuma wasan da ke cikinsa bai bambanta ko da ɗigo ɗaya ba da wanda ke cikin tsohon kaset mai ƙura, marar kwali, da ake sayarwa a shagon kayan hannu a kan 'yan daloli.