Baƙo a cikin aji

Idan damina ta wuce, aka yanke hatsi aka zuba a rumbu, sai mazan Kalfu su fara ɗaure kaya. Lokacin bida ya yi. Wasu su nufi Abijan, wasu Legas ko Kano, wasu Kamaru, wasu kuma su yi arewa zuwa Libiya ko Aljeriya. Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar Adar. Ƙasar duwatsu ce, ba kowace shekara ruwan sama yake isa ba, saboda haka tun zamanin kakanni Adarawa suka saba da hanya. Labarin ƴan bida kowa ya san shi, kullum ana ba da shi a fada. Amma akwai wani matafiyi wanda ba a cika ba da labarinsa ba. Shi ne yaron da aka ɗauka daga lakkwal ɗin garinsu, aka kai shi wata ƙasa, aka ce masa: "Gobe da safe za ka shiga aji."

A ce yaron ɗan shekara goma sha ɗaya ne, ubansa yana kasuwanci a unguwar Ajame ta Abijan, ya aiko aka kai masa shi. Da safe an ba shi sabuwar riga, an ba shi kaye da alƙalami. Ya shiga aji, ya tarar da yara da yawa, babu fuska ɗaya da ya sani. Mushe ya tambaye shi sunansa da Faransanci. Yaron ya ji tambayar, ya kuma san amsa, amma ya sunkuyar da kai, ya yi magana ƙasa-ƙasa, kamar yadda aka koya masa a gida idan babba yana magana. Mushe bai ji ba, ya sake tambaya da ƙarfi. Yara suka bushe da dariya. Da aka fita hutu, kowa ya kama abokinsa, ana Julanci, ana wani irin Faransancin titi mai sauri wanda ba ya cikin kowane littafi. Yaron ya tsaya gindin bango yana jiran a buga ƙararrawa.

Wannan rana tana da nauyi ƙwarai. Akwai yaran da daga ita karatunsu yake lalacewa. Ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba. Dariyar ranar farko ce ta rufe musu baki, sai su ƙi ɗaga hannu, su ƙi tambaya, a ƙarshe a ce ba su da ƙoƙari, uba ya ce to, a zo a tsare shago. Hausawa suna cewa baƙo makaho ne ko da yana da ido. Gaskiya ne. Sai dai makantar baƙo ba ta daɗewa idan ya sami wanda zai kama masa sanda kwana biyu.

Akwai wata irin tafiya kuma wadda ake kira musayar ɗalibai. Makaranta ko gwamnati takan tura yaro wata ƙasa ya yi shekara guda, ya zauna a gidan mutanen can, ya ci abincinsu, ya shiga ajinsu, sa'annan ya komo gida. A shekarar 2003 Amurka ta fara wani shiri irin wannan mai suna YES, kuma ƴan sakandare daga jihohin Sakkwato da Kaduna na Najeriya suna cikin waɗanda suka je, aka sauke da yawansu a jihar Ayowa. Sakkwato ba ta da nisa da Adar. Wanda ya bi ta Birnin Kwanni ya ƙetare iyaka a Illela ya kusa isa. Ke nan yara ne masu cin tuwo da shan hura, masu gaisuwa irin ta Kalfu.

Abin da irin wannan ɗalibi yake tararwa a ranar farko ya isa ya ruɗa kowa. A can galibi ana komawa karatu cikin watan Agusta, ba Oktoba ba. A Nijar yara suna zaune a aji ɗaya, malamai su ne masu shigowa da fita. A sakandaren Amurka kuwa malami ne yake zaune a ɗakinsa, yara su ne suke yawo. Da an buga ƙararrawa, kowa ya kwashi littattafansa ya ruga wani ɗaki, cikin ƴan mintoci kaɗan. Baƙon da bai san lambar ɗaki ba sai ya yi ta zagaye. Ga kuma maganar ido. A Adar yaron kirki ba ya ƙura wa babba ido. A can, wanda ya ƙi duban malami ana zaton bai damu da maganar ba, ko kuwa yana ɓoye wani abu. Ladabi ɗaya ne, amma ya zama laifi don an canza ƙasa. A wurin cin abinci dole ya buɗe baki ya tambaya ko akwai naman alade a ciki, in kuwa kunya ta hana shi, sai ya wuni da yunwa. Idan ya tashi daga makaranta da ƙarfe uku na yamma yana son jin muryar uwarsa, a gida ƙarfe tara na dare ya yi.

Amma duk wannan ba shi ne abu mafi wuya ba. Lambar ɗaki kwana uku ta isa a haddace ta. Abu mafi wuya yana zuwa ne lokacin da malami ya ce: "Ga baƙo daga Afirka, zai gaya wa aji yadda ƙasarsu take." A nan ne ake gane wanda ya zo da guzuri da wanda ya zo hannu sake.

Ɗan Adar da ya san gida ba zai rasa abin faɗi ba. Zai ce a ƙasarsu ana jera duwatsu a kan tudu don a tare ruwa kada ya tafi da ƙasar gona. Zai ce ana haƙa ƙananan ramuka, a zuba taki, a shuka hatsi a ciki, har faƙon da aka fid da rai da shi ya ba da amfani. Zai ba da labarin kwarin Keita, inda aka fara babban aikin raya ƙasa a shekarar 1984, kuma mata ne suka fi yawa a masu ɗaukar duwatsun. Zai faɗi albasar Galmi wadda ake ci har Abijan da Akara, da kifin tabkin Tabalak, da yadda ake gina rumbun ƙasa. Yaran can ba su san ko ɗaya daga ciki ba, za su kasa kunne. Wanda kuwa bai san komi ba sai sunan kogunan Faransa, me zai ce? Kalmar musaya ma ta isa bayani. A kasuwa, mai musaya yana ba da hatsi ya karɓi nono. Wanda ya miƙa hannu bai kawo komi ba, ba musaya yake yi ba, roƙo yake yi.

Manyan ƙasar nan sun ga irin wannan rana tun kafin a haifi iyayen ƴan makarantar yau. A zamanin mulkin mallaka, ɗan Nijar da ya yi zarra a karatu sai a tura shi Senegal, makarantar horon malamai ta William Ponty. Daga 1913 makarantar tana tsibirin Gore, daura da Dakar, daga baya aka mai da ita Sebikotan. Bubu Hama, ɗan ƙauyen Foneko a ƙasar Tera, ya bi ta Dori da Wagadugu kafin ya isa can, ya komo a 1929 ya zama malamin makaranta na farko ɗan Nijar da ya fito daga wurin. Diori Hamani ya je, Jibo Bakari ya je, Abdu Mumuni ɗan Tasawa shi ma ya je. A duba fa: yaro daga ƙasar da ba ta da teku, a sa shi cikin jirgin ruwa a kai shi tsibiri, ya kwana da ƴan Dahome da ƴan Gini da ƴan Kwaddebuwa, babu mai jin harshensa.

Wani abin mamaki shi ne, a wannan makaranta ta Faransawa, daga shekarun 1930 aka riƙa sa ɗalibai su rubuta dogon bayani a kan garuruwansu: abinci, aure, wasannin yara, maganin gargajiya, tatsuniyoyi. Ɗaruruwan waɗannan rubuce-rubuce suna nan a ajiye a Dakar. Wato sai da yaro ya yi tafiyar makonni, sa'annan aka ce masa ya faɗi abin da kakarsa ta sani. Alhali kuwa a ƙaramin lakkwal na gida, a wancan zamani, wanda ya kuskura ya yi Hausa ko Zabarmanci sai a rataya masa sambol a wuya, ya sha horo. Abdu Mumuni bai manta da wannan ba. Ya yi karatun kimiyya mai zurfi a Faransa, ya zama masanin hasken rana, amma a littafin da ya fitar a 1964 a kan ilimi a Afirka, ya tsaya a kan cewa yaro ya fara karatu da harshen uwarsa. Shekara tara bayan haka, a 1973, aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram.

Akwai iyayen da za su ce: "To, duk mun ji. Amma idan yaro ya sauka Abijan ko Paris, Faransanci ne zai fid da shi, ba Hausa ba. Shekarun da ya yi yana karanta Hausa, da ya yi su a Faransanci, da ba a yi masa dariya ba." Maganarsu ba ta banza ba ce. Yaro yana bukatar Faransanci mai kyau, kuma makarantar da ta sake shi ba ya iya haɗa jimla biyu ta cuce shi. Sai dai akwai abin da suka manta. Ba kowace hanya ce take zuwa ƙasar Faransanci ba. Wanda aka kai Kano ko Akara zai tarar da Ingilishi. Wanda aka kai Alƙahira zai tarar da Larabci. Wanda ya sami karatu a Turkiyya ko Sin zai fara daga baƙi da wasali kamar ɗan shekara bakwai. Babu makarantar da za ta koya wa yaro harsunan duniya duka kafin ya tashi. Abin da za ta iya ba shi, shi ne ya san mene ne karatu: ya gane abin da ya karanta, ya iya lissafi da hankalinsa ba da hadda ba, ya saba da yin tambaya idan bai gane ba. Yaron da ya fara karatu da harshen da yake ji ya saba da ganewa, saboda haka rashin ganewa yana damunsa, sai ya ɗaga hannu. Wanda ya yi shekara uku yana maimaita abin da bai ji ba ya saba da zama shiru. Kuma wanda ya riga ya ƙetare daga Hausa zuwa Faransanci sau ɗaya, ya san yadda ake ƙetarewa.

Ko Hausar ma ba ta hana dariya. Ba'adaren da ya je Kano ya ce "mi" maimakon "me", ya ce "hura" da "lahiya", sai an kwaikwaye shi. Bakanon da ya zo Tawa ya ce "fura", shi ma haka. Dariya ba daga harshe take ba, daga yaran da suke zaune a kan benci take.

Wannan kuwa ya shafi lakkwal ɗin Kalfu kai tsaye, domin ga wani yaro Kalfu ita ce ƙasar waje. Kusan kowane gari na Adar yana da yaran da aka haifa a Abijan ko Kamaru, aka maido su gida wurin kaka. Suna jin Faransanci da Julanci, Hausarsu kuwa a karye take. Ba su iya damun hura ba, ba su san sunan ciyayi ba, ƙaya tana sa su kuka. A jihar Tawa akwai kuma yaran da ba su zaɓi tafiya ba sam. Yaƙin arewacin Mali na 2012 ya koro iyalai da yawa, aka sauke wasu a Intikan. A 2021 dubban mutanen jihar Sakkwato sun tsere wa ƴan bindiga, sun shigo ƙasar Bangi ta Madawa. Ɗan musaya da ya je Ayowa ya san ranar komowarsa, akwai kuma gidan da ya shirya masa gado. Waɗannan ba su san ranar komawa ba.

Idan irin wannan yaro ya tsaya a ƙofar aji, mushe shi kaɗai ba zai iya ba. Yana da yara masu yawa a gabansa, da allo guda. Aikin na maƙwabcin benci ne. Shi ne zai matsa ya ba baƙo wuri, ya nuna masa shafin da ake karantawa, ya gaya masa inda randa take da inda ake kewayawa, ya kira shi da sunansa na gaskiya, ba "ɗan Abijan" ko "ɗan gudun hijira" ba. Sunan tsokana yana da saurin kamawa, kuma akwai dattawan da har yau ake kiransu da sunan da aka laƙa musu a ranar farko. Da an fita hutu, a sa shi cikin langa ko ƙwallo ko da bai iya ba. In ya yi kuskuren Hausa, a gyara masa a hankali bayan an tashi, ba a gaban jama'a ba.

Shi ma mushe yana da dabara mai sauƙi. Maimakon ya fara da tambayar abin da baƙon bai sani ba, sai ya fara da abin da ya sani. Ya ce wa wanda ya zo daga Abijan ya fito ya ƙirga da Julanci: kelen, fila, saba, naani, duuru. Aji duka su maimaita, harshensu ya sarƙe, wannan karon shi ne zai yi dariya. Ya tambaye shi yadda teku take, da yadda ake yin acake da rogo, da irin jirgin ƙasan da ya gani. Sa'annan a rubuta kalmomin a allo, Julanci a gefe ɗaya, Hausa a tsakiya, Faransanci a ɗaya gefen, kowa ya kwafe su cikin kayensa.