GYARA KAYANKA: In Ƙaramin Janareta Ya Ƙi Tashi

A wannan wata za mu duba ƙaramin janareta, irin wanda ake garwaya masa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya. Daga Ƙofar Mata zuwa Ƙofar Na'isa, da wuya ka bi lungu da dare ba ka ji kukansa ba. Cikinsa irin na injin yankan ciyawa ne da ake ratayawa a kafaɗa, saboda haka maganinsu ɗaya ne.

In ka ja igiya sau biyar ko shida bai tashi ba, dakata. Yawan ja sai ya jiƙa fulogi da mai, ya bar ka da ciwon kafaɗa.

Fara da mai, gama a nan laifin ya fi yawa. Tun da aka janye tallafin fetur a 2023, ba mai son zubar da ko ɗigo, sai a bar ragowa a tanki har wata guda ko fiye. Irin wannan mai ƙarfinsa yakan gudu, balle da zafin bazara, ya bar danƙo mai toshe kafireta. Na 'yan bunburutu kuma wani lokaci akwai ruwa a ciki. Tsiyayo kaɗan a farar kwalba, ka ajiye. In da ruwa, za ka gan shi kwance a ƙasa. Juye tankin, ka haɗa sabo. Yawancin waɗannan injuna, lita 1 ta fetur tana son baƙin mai cokalin shayi 4, amma ka duba abin da aka rubuta a jikin naka. Masu zubawa da ka, su ne kullum a wurin makaniki. In baƙin man ya yi yawa fulogi ya yi baƙi, in ya yi kaɗan injin ya ƙone.

Sai fulogi. Kwance shi. In a jiƙe yake, rufe famfon mai, ja igiya kaɗan ba fulogi, ka shanya shi. In ya yi baƙi, goge shi da burushin waya. Maida masa hularsa, ka jingina ƙarfensa da jikin injin, nesa da fetur, ka ja. Ka ga shuɗiyar wuta, lafiyarsa lau. In babu, sayo sabo a kasuwar Ƙofar Ruwa, ka tafi da tsohon don a ba ka irinsa.

Da hunturu ƙura takan cika soson iska. Wanke shi da sabulu, ya bushe sarai. Cok kuwa a rufe shi in injin ya yi sanyi, a buɗe da zarar ya kama.

Duk wannan gwaji a tsakar gida za a yi shi, nesa da ƙofa da taga. Cikin hayaƙinsa akwai guba marar wari wadda ke kashe mutum yana barci, ga ɗakunan cikin birni da ƙananan tagogi. Uwargida, ko don tsoron ɓarayi ko ruwan sama, kada ki yarda a kunna shi a zaure.