Ayarin Da Kowa Madugu Ne Ba Ya Kai Bilma

A shekarar 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da wani wasa mai suna Dungeons & Dragons. Mutum huɗu ko biyar kan zauna gefen tebur da takarda da fensir. Ɗaya yana jan labari, sauran kuma kowa ya ɗauki matsayin mutum guda cikin tawagar matafiya. Da farko matsayi uku ne: mayaƙi, mai sihiri, da malamin ibada mai warkar da rauni. A 1975 aka ƙara ɓarawo, gwanin buɗe makulli da kwance tarko. An tsara dokokin yadda ba wanda ya iya komai. Mayaƙi na da ƙarfi, amma in aka sare shi sai ya jira mai magani. Tawagar da duk mayaƙa ce, tarkon farko ya ishe ta.

Shi ya sa masu wannan wasa suke da wata al'ada mai kyau. Wanda ya zo daga baya, kafin ya zaɓi matsayi, yakan tambayi abokansa: “Me kuka rasa?” In babu mai warkarwa, sai ya zama shi, ko da ransa na son takobi. Wannan tambaya ita ce makarantunmu da gidajenmu suka haɗa kai suna kashewa a bakin ƴaƴanmu.

Mutumin Agadez ba ya buƙatar Ba'amurke ya koya masa wannan. Ayarin gishiri da ke ratsa Tenere zuwa Fachi da Bilma madugu ɗaya gare shi, shi ke riƙe da hanya da sanin rijiyoyi. Amma madugu bai isa ya ɗaure kayan raƙuma shi kaɗai ba. Sai da mai tanadin ciyawa, da mai duba kafaɗar raƙumin da kaya ya ci, da mai dafa abinci, da wanda ya iya cinikin gero da gishiri da dabino. Kafin ma a tashi, maƙeri da baduku sun gama nasu aikin. Hasumiyar babban masallacinmu mai tsawon mita 27, wadda ke cikin tsohon garin da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 2013, da laka aka yi ta. Ranar da magina suka ƙare, digirin duniya ba zai yaɓe ta ba.

To, mu me muke yi? Uba ya karɓi takardar sakamako, idonsa na kan abu ɗaya: na nawa ka zo? Yaron da ya sasanta faɗa a aji, ko ya zauna ya fahimtar da abokinsa lissafi, ba shi da gurbi a takardar. Bayan BEPC kowa so yake ɗansa ya zama likita ko ma'aikacin ofis, makarantar koyon sana'a kuwa a bar wa wanda ake ganin ya kāsa. Alhali a garin nan akwai EMAIR mai horar da ma'aikatan ma'adinai, ƙasar kuma cike take da ma'adinai. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, amma mu mun dage sai kowa ya yi kiwon doki.

Malamai, ku ma da naku laifin. Ku raba aji rukuni-rukuni, ku koma kujera. Mai ƙoƙari ya yi aikin duka, huɗu su rubuta sunansu a ƙasa, ku ba su maki ɗaya. Haka ake renon mai girman kai guda da ƴan cin banza huɗu.

Na san abin da za a ce: wasa ne na sihiri, kuma ana jefa ɗan lido kamar caca. Damuwar tana kan hanya, maganinta kuma ba wuya. Ba wanda ya ce a kawo littafin Amurka aji. A cire mai sihiri, a ajiye ɗan lido, malam ya yanke sakamako gwargwadon dabarar yara. A ce musu: ku biyar ne, za ku tashi daga Agadez zuwa Bilma. Ga madugu, ga maƙeri, ga mai magani, ga mai ciniki, ga mai kula da ruwa. Salka ɗaya ta tsage kwana biyu kafin Fachi, yaya za ku yi? Mai ruwa zai yi lissafin rabo, mai ciniki zai auna abin da za a zubar, madugu kuma dole ya saurare su. Mako mai zuwa a sauya matsayi, wanda ya saba ba da umurni ya ɗanɗani bi.

Ku kuma iyaye, in yaro ya dawo ya ce yau shi ne mai ɗinke salka, kada ku ce don me bai zama madugu ba. Ku tambaye shi ko ayarin ya isa.