WA ZAI YI JINYAR MAI JINYA?

Idan mun je dubiya, majinyaci muke tambaya yaya jiki. Matar da ta kwana a zaune tana juya shi, tana wanke masa zane, da wuya a ce mata sannu.

A Sabon Birni da Isa wannan nauyi ya ninku. Tun 2019 'yan bindiga suka kori dubban mutane daga ƙauyukansu, wasu har jihar Maraɗi a Nijar. A Disamba 2021 an ƙone matafiya cikin mota a hanyar Sabon Birni zuwa Isa. Inda hanya ta zama abin tsoro, kai tsoho mai shanyewar jiki Asibitin Koyarwa na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ko kai mai taɓin hankali asibitin Kware, ba ƙaramin abu ba ne. Sai gida ya koma asibiti, uwa ko 'ya ta zama nas, ba albashi, ba hutu. Gona ta tsaya, sana'a ta mutu, a cire yarinya daga makaranta.

Rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2018 ya nuna mata ke yin kashi 76 cikin 100 na irin wannan hidima marar lada. A Ingila dokar 2014 ta wajabta wa hukuma ta duba bukatun mai jinya shi kansa. A 2023 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 29 ga Oktoba domin tunawa da aikin kulawa.

Wani zai ce jinya hakkin dangi ne. Gaskiya ne, amma dangin sun watse, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In mai jinya ta faɗi, majinyata sun zama biyu.

Muna roƙon ƙananan hukumomi su sa ma'aikatan lafiya su riƙa leƙa irin waɗannan gidaje. Mu kuwa muna da gayya. Yadda ake taruwa a nome gonar mutum, haka maƙwabta da Zumuntar Mata za su raba kwanaki, kowa ya karɓi yini guda, mai jinya ta yi barci, ta ci kasuwa. Ɗalibai, lokacin hutu ku ɗebo mata ruwa, ku faskara itace. Zumunta a ƙafa take.